Bencin da ke Kusa da Shagon Caca

Ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma, ranar wata Asabar a cikin damina, mu uku ne a ɗakina na haya da ke Kurmin Mashi: ni, da abokina Bakatsine direban keke mai ƙafa uku, da baffan yarinyar da nake nema da aure. Baffan yana zaune a kan kujerar roba guda ɗaya da na mallaka, mu biyu muna ƙasa a kan tabarma. Bai aiko cewa zai zo ba. Sallama kawai muka ji a bakin ƙofa, abokina ya leƙa, ya dawo yana zaro ido. Abin da ya kawo shi abu ɗaya ne. An gaya masa ni ɗan caca ne, kuma ya riga ya faɗa a gidansu cewa muddin maganar ta tabbata, ba zai ba ni 'yar ɗan'uwansa ba.

Kafin in faɗi abin da ya faru a ɗakin, sai na faɗi yadda aka zo wurin, domin ba na son labarin da ake farowa daga tsakiya a bar mutum yana lalube.

Sana'ata haɗa tagogi da ƙofofin alminiyam. Karatuna bai wuce sakandare ba, daga nan na shiga koyon aiki, har na buɗe rumfata. Ba na shan taba, ba na zaman majalisa, ba ni da wata ƙungiya. Abu guda nake yi bayan aiki, shi ne gem, wato wasan kwamfuta, kuma a gem ɗin ma ƙwallon ƙafa kaɗai. Na fara tun ina biya in buga a shagunan unguwa, da na samu hali na sayi injina, ɗan gwanjo, da ƙaramar talabijin da hannu biyu. Hannu shi ne abin da ake riƙewa ana danna maɓallai, da shi ake tuƙa ɗan wasan da ke cikin allo.

Ina da tsari a kai, kuma ba na saɓa shi. Ba na kunna inji sai na rufe rumfa. Idan na dawo gida, wanka ne farko, domin ɓurɓushin alminiyam yana maƙalewa a yatsu, in ya shiga ƙarƙashin maɓalli ya kashe shi. Daga wanka sai la'asar, daga la'asar sai gem, har zuwa lokacin da na ji ladan ya fara gyara lasifika. Wasan da nake yi da abokina a ɗaki ana iya tsayar da shi a je a dawo. Wanda ake yi da wani mutum daga nesa ta intanet ba ya tsayuwa, in ka tashi an cinye ka, saboda haka ba na fara irinsa in magariba ta matso. Wanda ya taɓa jefar mini da hannu don an ci shi, ba ya sake riƙe shi. Mai cin gyaɗa ko awara sai ya wanke hannu da sabulu. In an gama, a naɗe waya, a rufe inji da ƙyalle. Abokina yakan ce shiga ɗakina ya fi shiga barikin sojan sama na Mando wuya, amma kullum yana zuwa.

Daga baya na gano ashe gasa ake yi ta wannan gem a duniya, ana haska ta kai tsaye ta waya. Samari ne daga ƙasashe daban-daban, ana zaunar da su biyu-biyu a wani babban zaure, kowa da hannunsa. A tsakiyar allo filin ƙwallo ne da 'yan wasan kwamfuta, a kusurwa kuma ana nuna fuskokin masu bugawar da yatsunsu. Mai sharhi da Turanci yake yi, da sauri, rabi nake kamawa. Ni yatsun nake kallo. A cikinsu akwai wanda na fi bi, wani siririn saurayi mai tabarau. In ya ci ba ya tsalle, in an ci shi ba ya ɓata rai, sai ya gyara zama ya ci gaba. A wurinsa na koyi cewa maɓallin gudu ba kullum ake danna shi ba, da cewa mai tsaron baya ba ya fita ya tari mutum, jira yake a zo masa. Ranar Asabar da Lahadi da yamma aka fi yin manyan wasannin, kuma ba na bari su wuce ni.

Matsalar ita ce sabis. Ɗakina a can ƙuryar gida yake, in na kunna wasa sai hoto ya daskare daidai lokacin da aka ɗaga ƙafa za a buga, ya dawo an riga an mayar da ƙwallo tsakiya. Na gwada zaure, na gwada bakin rijiya, na gwada ƙofar gida. Inda na samu sabis mai ƙarfi shi ne bakin titi, a kan bencin wani mai cajin waya. Wuri ne mai inuwa, in batir ya yi ƙasa ga caji a kusa. Nan na mayar wurin kallona. Jikin rumfar mai cajin akwai shagon caca, bango ɗaya ya raba su. Ban taɓa taka ƙofarsa ba, don haka ban taɓa ɗaukarsa abin da ya shafe ni ba. Abin da ban yi tunani a kai ba shi ne, a cikin shagon nan ma akwai allo da ake nuna 'yan ƙwallon kwamfuta suna gudu. Nasu babu mai tuƙa su, inji ne ke yin abinsa, mutane su zuba kuɗi a kan wanda zai ci, su karɓi 'yar takarda, su tsaya suna ihu. Wanda bai san gem ba, in ya dubi allonsu ya dubi wayata, abu ɗaya zai gani. Ga ni kuma duk Asabar a bakin ƙofarsu, ido a kan waya, wani lokaci in dafe kai.

Yarinyar a Unguwar Shanu take. Mahaifinta yana raye, amma kamar yadda aka saba, ƙaninsa aka bar wa maganar aurenta, shi ne baffan nan, mai sayar da fenti da kayan gini a kasuwa. Ni kuma mahaifina ya rasu tun ina ƙarami, kawuna ne ya tsaya mini. Manya sun je gaisuwa, an karɓe su hannu bibbiyu, aka ce a ba su lokaci su yi bincike, sannan a zo a sa rana. Kowa ya san yadda binciken yake. Ana zuwa masallacin unguwa a tambaya ko mutum yana jam'i. Ana zuwa wurin sana'arsa a ji ko yana cika alkawari. Ana tambayar maƙwabta. Mutum ɗaya ne ba a tambaya, shi ne mai neman auren. Ban damu ba, don na san abin da za a tarar.

Sai shiru ya yi yawa. Lokacin da aka ɗiba ya wuce, kawuna ya kira, aka ce a ɗan ƙara haƙuri. Ya sake kira, aka ce Alhaji, wato baffan, ya yi tafiya, alhali a ranar na hango shi a kasuwa.

Wata safiya ina yanka ƙarfe a rumfa, yarinyar ta kira ni. Ba ta saba kira a lokacin aiki ba.

"Malam, tambaya zan yi maka, kuma don Allah kada ka ce mini wa ya gaya miki."

"Ina ji."

"Kana caca?"

Na ajiye zarto. "Wa ya gaya miki?"

"Ka gani ko! Na ce kada ka ce haka."

"Ba na yi. Ban taɓa yi ba. Kin san gem nake yi, na gaya miki tun zuwana na farko."

"Ni na sani. Na faɗa wa Umma, ta ce ai kowa da sunan da yake sa wa abinsa. Mutum biyu suka ce wa Baffa sun gan ka da idonsu a ƙofar shagon, ba sau ɗaya ba. Ɗaya ma cewa ya yi ya ga ka dafe kai kamar wanda aka yi wa rasuwa." Na ji tana jan hanci. "Baffa ya ce gara ya ba mai talla a kai da ya ba ɗan caca mai mota."

"Ba ni da mota."

"Malam, ba wasa nake ba."

Ni ma ba wasa nake ba, amsar ce ta fito a haka. Na ce ta kwantar da hankalinta, alhali nawa ya riga ya tashi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ni da hanyar kare kaina. Mai neman aure ba ya tashi ya je gaban surukinsa ya ce ga hujjata, rashin kunya ne. Ko ma ya je, wane ɗan caca ne zai ce yana yi? Kawuna ya je, ya rantse a madadina. Baffan ya saurare shi har ƙarshe cikin mutunci, ya ce, "Malam, kai ɗanka kake faɗa, su kuma abin da suka gani suke faɗa." Kawuna ya dawo ya zauna a rumfata, ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Tsakaninka da Allah, babu?" A nan na san maganar ta yi nisa.

Abokina ya kawo tasa shawarar. "Mutumina, ka kawo injin nan in ajiye maka a gidanmu. Ka daina zuwa bencin. Ka sayi dogon carbi, ka riƙa zama sahun gaba. Ana ɗaurawa ka zo ka ɗauki kayanka."

"Sahun gaba nake zama tun kafin in san ta."

"To ka ƙara matsawa, ka shige gaban liman."

Ban yi dariya ba, kuma ban ba shi injin ba. Dalilina biyu ne. In na ɓace daga bencin a makon da magana ta fito, masu faɗa za su ce ga shi nan, ya ji ana bincike ya gudu. Sannan abin da zan ci gaba da yi bayan aure, ban ga dalilin ɓoye shi kafin aure ba. Na ci gaba da tsarina, sai dai daɗin ya fita. Ina riƙe da hannu, abokina yana zura mini ƙwallo, ko jin zafi ba na yi. Shi da ya saba yi mini waƙa in ya ci ni, sai ya daina.

Haka muke har wannan Asabar ɗin.

Bayan mun durƙusa mun gaishe da baffan, na kawo ruwa, bai sha ba. Ya dubi ɗakin daga sama har ƙasa, ya dubi takalman da ke jere, ya dubi injin da ke rufe da ƙyalle. Sannan ya yi magana.

"Samari, ba al'ada ba ce in zo ɗakinka, na sani. Amma yarinyar nan ta daina cin abinci, uwarta ta hana ni sakat. Yau da hantsi, ni da furfurata, na shiga shagon nan, Allah ya yafe mini. Na tsaya na ga abin da ake yi. Na kwatanta ka, suka ce ba su san ka ba. To amma an ce mini manyan 'yan caca ba sa shiga shago, ta waya suke yi. Saboda haka na zo ka nuna mini abin da kake yi, da idona."

"To, Baba."

Allah ya taimake ni akwai wuta. Na yaye ƙyalle, na kunna inji, na miƙa wa abokina hannu ɗaya. Muka fara bugawa, ina bayani kaina a ƙasa: wannan maɓallin na miƙa ƙwallo ne, wannan na bugawa, in na karkata wannan sandar hagu, ɗan wasan ya yi hagu. Baffan ya ce in saki hannun ya gani. Na saki, ɗan wasana ya tsaya cak a tsakiyar fili, abokina ya ƙwace ƙwallo ya tafi da ita.

"Kawo."

Na miƙa masa da hannu biyu. Ya riƙe shi kamar an ba shi jaririn da ba a yanke wa cibi ba. Ya danna, ɗan wasan ya kwasa da gudu, ya fice daga fili da ƙwallon gaba ɗaya.

"Wallahi Baba ka fi shi iyawa," in ji abokina. "Shi ko gudun ma ba ya yi."

Na harare shi. Baffan bai yi murmushi ba. Ya ajiye hannun a kan gwiwarsa, ya ce, "Wannan na gani. Aikin yara ne, amma ba caca ba ce. Sai dai ba wannan aka faɗa mini ba. An ce waya, an ce benci."

Na yi masa bayanin gasar, na ce yau ma ake wasan ƙarshe, ƙarfe biyar za a fara. Na kunna a waya don ya gani, hoto ya fito, ya daskare, wani ɗan da'ira ya kama juyawa a tsakiya. Muka jira, bai motsa ba.

"Baba, a nan ba ya yi. Sai a can."

"A can ina?"

"A bencin."

Na san abin da yake aunawa, dattijo mai rumfa a kasuwa, ya shiga wurin da hantsi a ɓoye, yanzu kuma a ce ya je ya zauna a ƙofarsa da yamma, lokacin da titi ya cika. Ya gyara hularsa ya miƙe.

"Mu je."

Shi ne a gaba, ni a baya da tazara, abokina a bayana. An yi ruwa da rana, hanya duk taɓo, ya tattare babbar rigarsa yana tsallake kwata. Mai caji ya gan mu, ya tashi da sauri ya goge bencin da tsumma. Baffan ya zauna a tsakiya. Ni na so in tsuguna a ƙasa, ya ce, "Zauna yadda ka saba zama." Na zauna a gefensa, jikina bai taɓa nasa ba. Na cire abin ji na kunne don ya ji sharhin, na riƙe masa wayar.

An fara. Mai tabarau ne ya kai wasan ƙarshe, shi da wani ƙaƙƙarfan saurayi mai gemu. Na nuna masa kusurwar allo.

"Baba, ka ga waɗannan biyun? Su ke bugawa. Ka dubi yatsunsu. Abin da ka riƙe ɗazu shi ne a hannunsu."

Ya matso da fuskarsa. "A ina suke?"

"Wata ƙasa, can Turai."

"Yanzu-yanzu suke yi?"

"Yanzu, Baba."

"Kai wanne ne naka?"

"Mai tabarau."

"In ya ci, wa zai ba ka?"

"Babu mai ba ni komai."

"In an ci shi, wa za ka ba?"

"Babu."

"Nuna mini inda ake sa kuɗin."

Na miƙa masa wayar gaba ɗaya, na ce ya duba duk inda yake so. Bai iya ta sosai ba, ya sa ni na buɗe masa abubuwan da ke ciki ɗaya bayan ɗaya. Ya ga hotunan tagogi, ya ga awon ƙofofin mutane, ya ga karatun Alƙur'ani da nake saurare a rumfa. Da muka zo kan saƙonnin yarinyar, ya kawar da kai da sauri ya ce in mayar da ƙwallon.

Muna komawa aka zura wa mai tabarau ƙwallo. Ni na danne, ko motsi ban yi ba, amma abokina ya dafe kai da hannu biyu ya ce, "Innalillahi!" A daidai lokacin kuma ihu ya tashi daga cikin shagon caca, nasu wasan ya ƙare, wani ya fito yana yayyaga takarda yana zagi. Baffan ya dubi mutumin, ya dubi abokina da hannu a ka, ya sake duban mutumin.

Wasa ya ci gaba. Mai tabarau bai canza fuska ba, ya riƙa miƙa ƙwallo a baya, hagu, dama, yana jira mai gemu ya fito. Na lura baffan ya daina tambaya. Da mai gemu ya gaji ya fito, aka bi ta bayansa aka farke, sai na ji dattijo ya ce a hankali, "Yawwa. Wannan ba ya gaggawa." Ya ɗan sunkuyo, ya dafa gwiwa. Can ya ce, "Da muna yara a garinmu, in manya suna dara a gindin bishiya, mu ma haka muke kewaye su, ba mu da ko tsinke ɗaya a ciki, amma har faɗa muke."

An tashi kunnen doki, aka tafi bugun fanareti. A lokacin ne wani mai babur ya zo wucewa, ya rage gudu, ya tsaya. Dattijo ne shi ma, daga baya na ji maƙwabcin rumfarsa ne a kasuwa. Ya dubi baffan a sunkuye kan waya, ya ɗaga kai ya dubi ƙofar shagon, ya sake duban baffan.

"Alhaji? Kai ne?"

Baffan ya ɗago. "Ni ne."

"Lafiya dai ko?"

"Lafiya lau. Wani ɗan bincike nake."

"To... to. Allah ya ba da sa'a, Alhaji." Ya ja babur ɗinsa, yana tafe yana waiwaye.

Abokina ya cusa fuskarsa cikin riga, kafaɗunsa suna rawa. Ni kuwa na ɗauka shi ke nan, na jawo wa dattijo abin kunya a bainar jama'a, ba zai yafe ba. Baffan ya bi babur ɗin da kallo har ya sha kwana. Ya shafa gemunsa. Sannan ya mayar da ido kan waya ya ce, "Saura bugu nawa?"

Mai tabarau ya zubar da na ƙarshe. Mai gemu ya yi tsalle ya jefar da kujera, aka saki takardu masu ƙyalli daga sama. Na kashe waya. Sai na ga ashe baffan ba allon yake kallo ba, fuskata yake kallo.

"An cinye mutumin naka."

"Eh, Baba."

"Me ka rasa?"

"Data kawai."

Ya gyaɗa kai. "Na ga fuskar waɗanda aka cinye yau da hantsi," in ji shi. Aka kira magariba, muka yi salla a masallacin bakin titi, abokina ya ɗauke shi a keke ya mayar da shi Unguwar Shanu. Bai ce mini an ba ni ba, bai ce an hana ni ba, don ba da ni ake wannan maganar ba. Da abokina ya dawo na tare shi a ƙofa, na ce me ya ce a hanya. Ya ce har suka isa magana ɗaya ya faɗa, ita ma ba da shi yake ba: "Gobe kafin in buɗe rumfa labari ya riga ni."

Ranar Lahadi ban yaye ƙyallen inji ba. Ranar Litinin da hantsi ina ɗaura gilashi a wata taga, kawuna ya kira. Ya ce Alhaji ya aiko, a shirya goro da alewa, a zo a sa rana. Ya ce akwai saƙo kuma da aka ce a ba ni baki da baki: in canza benci. Wai tun jiya mutum uku suka same shi a kasuwa suna yi masa nasiha a kan caca, ɗaya har da jan aya.

Na ce to. Na gama tagar da ke hannuna tukuna, na ɗaure kusoshinta, na gwada ta ta buɗe ta rufe, na jingine ta. Sannan na zauna a ƙasa cikin ɓurɓushin alminiyam, abin da ba na bari kowa ya yi a rumfata. Na yi hamdala ban san iyaka ba. Na ji yunwa, irin wadda na kwana biyu ban ji ba, na tashi na je na ci shinkafa da wake har da ƙari. Da yamma na yi wanka, na yi la'asar, na kunna inji, na yi wa abokina cin da sai da ya ce a mayar da binciken baya.

Ban riƙe mutum biyun da suka kai maganata ba. Ban ma nemi sanin su wane ne ba. An tambaye su, sun faɗi abin da idonsu ya gani, kuma da ni aka tambaya a kan wani, wataƙila abin da zan faɗa ke nan.

Bayan biki muka kama haya a wajen Mando. Kafin in biya, sai da na shiga kowane ɗaki da waya a hannu na gwada sabis, mai gidan yana kallona. Yanzu a falo nake kallon gasar. Matata ta ƙara doka ɗaya a kan nawa, ba a kunna inji in abinci yana ƙasa, na karɓa don doka ce mai kyau. Takan zauna ta kalla tare da ni, kuma duk wanda nake so, ita abokin karawarsa take so, da gangan. Baffan bai taɓa tayar da maganar ranar nan ba. Sai dai duk sallar da muka je gaishe shi, bayan ya tambayi aiki da mutanen gida, yakan rage murya ya ce, "Yaya mai tabarau?"

Roƙona ga mai karatu guda ɗaya ne. Wata rana za a aike ka binciken wanda ke neman 'yarka, ko ƙanwarka, ko 'yar ɗan'uwanka. Ka je masallaci, ka je wurin sana'a, ka tambayi maƙwabta, duk ka yi. Amma in an kawo maka magana mai nauyi, don Allah kada ka yanke hukunci daga tsallaken titi. Ka daure ka tsallaka, ka zauna kusa da shi, ka ce ya nuna maka abin da yake kallo.